Idan Kwamfuta Ta Ce Ba Ta Ga Umarni Ba, A Tambaye Ta Inda Ta Duba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana masu kula da kwamfutocin ofisoshi, musamman matasan da suka fara taɓa Linux. Na san yawancin wasiƙun da kake samu kan tsadar abinci ne da hanyoyi da siyasa. Tawa kan kalmomi uku ne na Turanci da suka taɓa hana ni barci na kwana tara.

Ni ne nake kula da sabar (wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai) wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Kano, da wasu ƙananan ofisoshi guda biyu. Sabar makarantar Debian ce a kanta, wato wani nau'in Linux, kuma a cikinta ake adana sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta. Kalmomin da nake nufi su ne "command not found", wato ba a samu umarnin ba. Duk wanda ya taɓa buɗe baƙin allon nan ya rubuta wani abu ya gamu da su. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda na ga yaranmu suna fassara saƙon. Da zarar ya fito sai ka ji an ce na'ura ta lalace, ko ƙwayar cuta ta shiga, a goge komai a sake ɗora babbar manhaja. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Sau da yawa umarnin yana nan daram a cikin na'urar, inda aka duba ne bai kai wurinsa ba.

Bari in kwatanta yadda abin yake. Manhajar da take karɓar abin da ka rubuta, wadda muke kira shel, kamar ɗan aike ce da aka ba wa takarda ɗauke da sunayen shaguna a Kantin Kwari. Ka ce masa ya sayo maka shadda kaza. Zai shiga shagon farko da ke kan takardar, in babu ya wuce na biyu, har ya ƙare jerin. Inda ya fara samu nan zai tsaya, ba ya ƙara duba na gaba. In ya ƙare bai samu ba, ya dawo ya ce babu. Ko da shaddar tana rataye a shagon da ya wuce ta gabansa sau uku, in sunan shagon ba ya kan takarda, ba zai leƙa ba. Takardar nan ita ce PATH. Jerin foldoji ne da aka raba da ɗigo biyu na sama da ƙasa, ana bin su daga hagu zuwa dama. Wanda yake son ganin tasa sai ya rubuta `echo $PATH`. Tsarin ba sabo ba ne, tun zamanin shel ɗin da Stephen Bourne ya rubuta a Bell Labs ta Amurka, wanda ya fito da Unix fitowa ta 7 a 1979, haka ake yi. Bash da yawancinmu muke amfani da shi, wanda Brian Fox ya fitar a 1989, ya gaji wannan hali bai canza shi ba.

Abin da ba a cika faɗa wa mai koyo ba shi ne takardar ba ɗaya ba ce. Kowane ɗan aike da tasa. Wannan ne ya kayar da ni, kuma a lokacin na yi shekara shida a aikin, ba sabon shiga ba ne.

Na rubuta ɗan shiri na ajiye kwafin bayanan makaranta kowane dare. Aiki biyu yake yi. Da farko ya fitar da bayanan da `mysqldump`, sannan ya tura su zuwa wani faifai na daban da manhajar `restic`. Ita wannan ta biyun da hannuna na sauko da ita na ajiye a /usr/local/bin, inda aka saba ajiye abin da mutum ya kawo da kansa. Na gwada shirin sau uku a gabana, ya yi aiki lafiya lau. Na buɗe `crontab -e`, wato jadawalin ayyukan cron, na sa shi ya riƙa tashi ƙarfe biyun dare. Kuma saboda ba na son surutu, na ƙara `> /dev/null 2>&1` a ƙarshen layin, wanda ma'anarsa duk abin da shirin ya faɗa, har da kukansa, a zubar a shara. A layin ƙarshe na shirin kuma na sa ya rubuta "an gama" a wani fayil. Kullum da safe in duba in ga "an gama", in sha shayina hankali kwance.

Mako bakwai ana haka. Ranar wata Laraba wuta ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, batirin da ke riƙe sabar ya riga ya tsufa, babban faifan sabar ya mutu. Na ce wa shugaban makaranta kada ya damu, akwai kwafin jiya. Na buɗe faifan na biyu. Kwafi uku na tarar, na ranar da na yi gwaji da hannuna. Babu na jiya, babu na shekaranjiya, babu ko ɗaya da cron ya tura.

Cron, wato manhajar da ke tayar da ayyuka a kan lokaci, ba ta karanta takardata. Tata gajeriya ce ƙwarai. A Debian ɗin da nake kai, shaguna biyu kacal ta sani: /usr/bin da /bin. `mysqldump` yana /usr/bin, don haka ana fitar da bayanan kowane dare, ana ajiye su a kan faifan da zai mutu. `restic` kuwa yana /usr/local/bin, inda cron ba ta taɓa leƙawa ba. Dare arba'in da tara shel yana cewa bai ga umarnin ba, ni kuma na riga na toshe masa baki. Layin ƙarshe yana rubuta "an gama" domin ban gaya masa ya tsaya in wani abu ya faɗi a sama ba. Babu wanda zan ɗora wa laifi. Ni da akawun makaranta da wata malama muka zauna kwana tara muna shigar da kuɗin zango daga littattafan rasit. Allah ya saka wa wanda ya dage a ci gaba da yanka rasit na takarda, a da ina yi masa dariya.

Yanzu ba na yarda da shirin da zai tashi ba na nan sai na gwada shi da takardar cron, ba tawa ba. Ina rubuta `env -i PATH=/usr/bin:/bin /bin/sh` sannan in bi da sunan shirin. Wannan yana tsiraita shi daga duk abin da na saba da shi, ya bar shi yadda zai tsinci kansa da ƙarfe biyun dare. A saman kowane crontab ina rubuta layin PATH cikakke, ko in rubuta cikakken adireshin kowane umarni a cikin shirin. Akwai abin da ke ruɗar mutane a nan: fayil ɗin /etc/crontab na Debian yana zuwa da layin PATH mai faɗi a rubuce, amma wanda kake buɗewa da `crontab -e` ba shi da shi, ko da kai ne root, wato mai cikakken iko a kan na'urar. Sai mutum ya ga na abokinsa yana aiki nasa ba ya yi, alhali a wurare daban suka rubuta. Sannan cron da /bin/sh take aiki, kuma a Debian da Ubuntu wannan sunan dash yake nufi, wani shel ne daban, ba bash ba. In ka rubuta `source` ko madauri biyu `[[` a shirin da dash zai karanta, zai ce bai san su ba, kai kuma ka shiga neman abin da bai ɓace ba. Ayyukan da systemd, manhajar da ke tayar da hidimomin na'ura, ke tayarwa su ma haka suke, ba ruwansu da abin da ka rubuta a .bashrc ɗinka, fayil ɗin saitunanka na bash.

Akwai lamba da ya kamata kowane mai wannan aiki ya haddace kamar lambar wayarsa. Bayan umarni ya gaza, rubuta `echo $?`. In ka ga 127, ba a samu umarnin ba. In ka ga 126, an same shi amma ba a iya tayar da shi ba, galibi don ba a ba shi izinin aiki ba, `chmod +x` ne maganinsa. Ciwo biyu ne daban. Da na sa shirina ya riƙa rubuta wannan lambar maimakon "an gama", da tun daren farko na sani.

Bayan wannan da kamar shekara aka turo mini wani yaro daga kwalejin kimiyya domin sanin makamar aiki. Yaro mai ƙwazo, amma a shagon gyaran kwamfuta ya taso, inda maganin kowace cuta gogewa ne. Na ce ya buɗe wa sabuwar malama asusu. Can sai ga shi: "Malam, wannan sabar ta samu matsala. Na zama root, amma ta ce babu `adduser`. Ko a sake ɗorawa?" Na ce ya nuna mini yadda ya zama root. Ya rubuta `su`. Na ce ya fita ya sake, amma ya ƙara fili da ɗan kara a kwance, wato `su -`. Umarnin ya fito. Ya tsaya yana kallona kamar na yi tsafi.

Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya. Bidiyon da ya koya daga gare shi tsoho ne. Kafin Debian 10, wanda ya fito a 2019, `su` kaɗai yakan sauya maka PATH zuwa na root. Daga wannan fitowar aka koma amfani da `su` na kunshin util-linux, shi kuma yana barinka da takardar da ka zo da ita. Ka zama sarki amma da takardar talaka a hannu. A Debian kuwa ba a saka wa talaka /sbin da /usr/sbin, inda kayan aikin mai gida suke zaune: `adduser`, `fdisk`, `update-grub` da 'yan'uwansu. Ɗan karan nan shi ke cewa a shigar da kai ta ƙofar gaba, a karanta maka duk abin da ake karanta wa root in ya shiga da kansa.

`sudo`, wanda ke ara maka ikon root don umarni ɗaya, ma da nasa halin. Yana watsar da takardarka ya ɗauki wadda aka rubuta masa a /etc/sudoers ƙarƙashin `secure_path`, kuma da gangan aka yi haka don kada wani ya ɗana maka tarko. A ɗaya daga ofisoshin da nake dubawa an daɗe da CentOS 7, wani nau'in Linux, kuma a can jerin `secure_path` bai haɗa da /usr/local/bin ba. Sai ka kira umarni da hannunka ya amsa, ka sa masa `sudo` a gaba a ce babu shi. Mai son gyara ya yi da `visudo`, kada ya buɗe fayil ɗin kai tsaye, domin kuskuren harafi ɗaya a ciki yana iya kulle shi a waje. Tun da na ambaci CentOS 7, masu shi su sani an daina tallafa masa tun 30 ga Yunin 2024. Wannan wata wasiƙar ce.

Ba kullum ne takarda ke da laifi ba, wani lokacin da gaske hajar ce babu a kasuwa. Misalin da ya fi yawa shi ne `ifconfig`, mai nuna adireshin na'ura a kan hanyar sadarwa. Littattafan da ake koyarwa da su a kwalejojinmu cike suke da shi, amma tun Debian 9 a 2017 ba a ɗora kunshinsa, net-tools, sai ka nema. An koma `ip addr`. Abin dariya, ko ka ɗora shi, in kai ba root ba ne saƙon da za ka gani iri ɗaya ne, domin a sbin yake zaune. Saƙo ɗaya, dalili biyu. Haka `python`: an daina kula da Python 2 a farkon 2020, kuma Ubuntu 20.04 ya zo da `python3` kaɗai. Tsohon shirin da ke kiran `python` zai faɗi, sai ka gyara shi ko ka ɗora kunshin python-is-python3. Hanyar bambancewa ba ta da wuya. `type -a` da sunan umarnin zai gaya maka duk inda shel ya gan shi, da ko laƙabi ne ko na cikin gida. In ya ce babu, ka leƙa /usr/sbin da /usr/local/bin da ~/.local/bin da idonka. Wannan na ƙarshen nan ne `pip`, mai ɗora kayan Python, ke zuba kaya in ka ɗora wa kanka kaɗai, kuma a Ubuntu sai ka fita ka sake shiga kafin a saka shi a takardarka, in ranar aka ƙirƙiri foldar. Sai in duk babu, sannan ka tambayi `apt-file search` ko `dnf provides` wane kunshi ne ke ɗauke da shi. Ni na daina amfani da `which`, na fi yarda da `type` da `command -v` domin shel ɗin da kansa ke amsawa, ba wani na waje da ke hasashe ba.

Yaron nan nawa ya sake shiga wani ramin bayan sati biyu, kuma wannan shi ne mafi ban tsoro ga wanda bai saba ba. Yana son ƙara folda a PATH, sai ya rubuta `export PATH=/opt/kaya/bin` a .bashrc. Bai jona tsohuwar takardar ba. Ya yaga ta ya rubuta sabuwa mai shago ɗaya. Da ya sake shiga, `ls` babu, `nano` babu, `sudo` babu. Ya kira ni a waya muryarsa na rawa, ya ce ya goge sabar. Na ce ya rubuta `echo sannu`. Ta amsa. Na ce to ba ka goge komai ba. `echo` da `cd` da `export` a cikin jikin shel suke, ba a zuwa kasuwa nemansu. Na karanto masa `export PATH=/usr/bin:/bin`, komai ya dawo, ya buɗe fayil ɗin ya mayar da layin `export PATH="$PATH:/opt/kaya/bin"`. Ko da hakan bai yiwu ba, cikakken adireshi kamar /usr/bin/nano ba ya buƙatar takarda ko kaɗan. Na hore shi da abu ɗaya daga ranar: in zai taɓa irin wannan fayil a sabar da ke nesa, ya bar tagar farko a buɗe, ya gwada da ta biyu.

Inda za a rubuta layin ma sai an kula. In ka shiga ta SSH, wato daga nesa, bash yana karanta /etc/profile, sannan ya nemi .bash_profile, in babu .bash_login, in babu .profile, kuma na farkon da ya samu kaɗai yake karantawa. Na ga wanda ya ƙirƙiri .bash_profile saboda wani shafi ya ce ya yi, bai san ya binne .profile ɗinsa da ransa ba. In kuma taga ka buɗe a kan allo, .bashrc ake karantawa. Shi ya sa umarni zai yi aiki a ofis, ya ƙi daga gida. Wani abin kuma, bash yana tuna inda ya ga umarni karon farko don kada ya yi ta yawo. In ka matsar da manhaja zuwa wata folda, zai ci gaba da zuwa tsohon shago yana cewa an tashi. `hash -r` ke goge masa wannan tunanin.

Gargaɗi ɗaya nake so in yi da babbar murya. Wasu sun gaji da rubuta `./` a gaban shirinsu, sai su saka ɗigo a cikin PATH, wato a riƙa duba duk foldar da mutum yake tsaye. Kada a yi, balle ga root. Wani zai iya ajiye fayil mai suna `ls` a /tmp, kai ka shiga wurin ka rubuta `ls`, ka tayar masa da mugun shirinsa da hannunka da ikonka. Kuma a lura, ɗigo biyun da aka bari a farko ko a ƙarshen PATH babu komai a gefensu, ko aka jera su biyu a manne, ma'anarsu ɗaya da wannan ɗigon.

Saura wanda ya fi damun mu a nan, domin a WhatsApp muke tura wa juna umarni. Shirin da aka rubuta a Windows yakan zo da wani ɓoyayyen harafi a ƙarshen kowane layi, sai bash ya riƙa cewa `$'\r': command not found`. `dos2unix` ke wanke shi, `cat -A` kuma ke nuna maka shi a matsayin ^M. Abin da aka kwafo daga Word ko shafin intanet yana iya zuwa da alamar zance mai lanƙwasa, ko fili wanda ba filin gaske ba ne, ido ba ya bambancewa amma shel yana yi. Haka wanda ya rubuta `SUNA = Kano` da fili a gefen alamar daidai: shel zai ɗauka SUNA umarni ne ya tafi nemansa kasuwa. Na taɓa ɓata awa biyu a kan fili guda.

Roƙona gare ka, Edita, biyu ne. Shafinku na kimiyya da fasaha ya cika da labarin sababbin wayoyi da farashin data. Ku ware ko rabin shafi ne a wata domin irin wannan bayani da Hausa. Akwai yara da yawa a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina da ke riƙe da kwamfutocin makarantu da asibitoci da shaguna, Turancin saƙon na'ura yana yi musu kwarjini, kuma babu na gaba da su da za su tambaya. Ni a shirye nake in rubuta ba tare da an biya ni ba, kuma na san wasu biyu da za su taya ni.

Na biyu ƙarami ne, amma ina roƙo da gaske. In za a buga wannan wasiƙa, a gaya wa mai tsara shafi kada ya gyara mini umarnan da na rubuta. Kada a mayar da ƙaramin baƙi babba don ya zo a farkon jimla, domin a Linux `Echo` da `echo` ba abu ɗaya ba ne. Kada a lanƙwasa alamar zance. Ɗan karan da ke bayan `su` kuma a bar shi yadda yake, gajere, da filinsa a gaba.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Mai kula da saba,
Unguwar Gwammaja, Kano